Namijin Dabino

Wanda ya shuka ƙwallon dabino ya ɗauko wa kansa jira. Shekara biyar, shida, wani lokaci har takwas, yana ban ruwa, yana kare shi daga awaki, bai san abin da yake reno ba. Sai ranar da itacen ya fitar da furensa na farko za a gane mace ce ko namiji. Dabino ba irin mangwaro ko lemo ba ne, da itace guda ke ɗauke da duk abin da haihuwa take bukata. Shi Allah ya raba shi biyu: mace tana 'ya'ya, namiji ba ya yi, sai dai ya ba da garin fure. In ka shuka ƙwallo ɗari, kusan rabinsu maza za su fito.

Na sha ganin fuskar mutum ta canza a wannan rana. Ya gama wahalar shekaru, aka ce masa namiji ne, sai ka ga ya nufi gatari. Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba, don fili ya yi tsada, ruwan rani kuwa ba kyauta ake jawo shi ba, kuma lambu ba ya bukatar maza da yawa. In da hannu za a yi barbara, wato kai garin namiji ga furen mace, namiji ɗaya mai kyau ya ishi mata arba'in zuwa hamsin. Abin da nake ƙi shi ne a sare su kakaf, ko a bar wanda ya faɗo a hannu ba tare da an duba ko wane iri ne ba.

Bari in faɗi yadda ake aikin, don yaranmu da yawa sun ci dabino a buɗa-baki tun suna goye amma ba su taɓa ganin furensa ba. Furen yana fitowa ne a cikin wani kube mai tauri, can tsakanin gindin ganyaye inda ƙaya take. Na namiji ya fi gajarta da faɗi. In ya tsage sai ka ga furanni farare cunkus, masu ƙamshi, in ka kaɗa su gari ya tashi ya manne maka a hannu. Na mace kuwa sili-sili ne, da 'yan ƙwayoyi a jere kamar duwatsun wuya a zare. Ana yanko na namijin da zarar ya fara tsagewa, a shanya a inuwa, a rarraba silin. Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, sai mai aikin ya hau macen, ya kakkaɓe garin a kan furenta, ya cusa sili biyu ko uku a tsakiya, kai ƙasa, ya ɗaure sako-sako da ganyen dabinon. Shi ke nan. Amma kwanakin da mace take karɓa kaɗan ne bayan kubenta ya buɗe, kuma ba rana ɗaya dukansu suke buɗewa ba. Itace guda sai a hau shi sau da yawa. Wanda ya ce sai ya dawo daga biki ko kasuwar mako, zai dawo ya tarar an rufe ƙofa.

Akwai abin da har yau yake sa ni tasbihi. Kowane furen mace yana da gurbin 'ya'ya uku. In garin namiji ya same shi, ɗaya ne yake girma, biyun su bushe su faɗi. In bai same shi ba, sau da yawa ukun duka suke tasowa, sirara, ba ƙwallo a ciki, ba zaƙin kirki, ba sa nuna yadda ya kamata. Daga ƙasa sai ka ga nono ya cika maƙil ka yi murna, ashe ba abin kai wa kasuwa. Wanda aka yi wa barbara a kan kari kuwa, bayan wata shida ko kusa da haka sai a sauke.

Wannan sana'a ba jiya aka fara ta ba. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yi wa dabinonsu barbara; da suka bari, amfanin ya ragu, sai ya mayar musu da al'amarin ga sanin da suke da shi na sana'arsu. Masu lambuna a Ingal da Bilma, waɗanda dabinonsu ya daɗe yana iso mana ta hannun ayarin Azbinawa, da wannan sani suka riƙe itatuwansu a tsakiyar hamada. A ƙasarmu ma dabino yana yi, har ma a wurare irin su Jigawa yakan yi fure sau biyu a shekara, ɗaya ya nuna da rani, ɗaya ya faɗa cikin damina, inda ruwa kan lalata wani sashe kafin ya bushe. Cibiyar NIFOR tana da reshe a Dutse da ke bincike a kansa.

Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, mu mutane da mudu muke auna komai. Abin da ba ya shiga mudu ko buhu, sai mu ce ba ya tsinana komai, alhali wani lokaci shi ne sanadin cikar buhun. Namijin dabino ma ba duka suke ɗaya ba. Garin wani yana sa 'ya'ya su fi girma ko su riga nuna, na wani kuwa ba ya kamawa sosai. Tsofaffin masu lambu sun san namijin da suke zuwa roƙo a wurin maƙwabci, ko da suna da nasu a gida, kuma ban taɓa jin an hana ba.

Ba dabino kaɗai ba ne. Giginya da goruba ma haka suke, mace daban namiji daban, kuma namijin giginya aka fi nema don azara saboda ƙwarinsa, shi ya sa yake fara ƙarewa a daji. Gwanda takan fito namiji, mai dogayen furanni masu reto, matan gida su yi ta yi masa tsaki. Masara ta haɗa biyun a kara ɗaya, namijin a can ƙoli, macen a goyo, kowane silin gemu yana tafiya zuwa ƙwaya guda. Iska ce take sauko da garin, shi ya sa masarar da aka shuka layi ɗaya tal a bakin katanga takan fito da giɓi. Kabewa da kankana suna jiran ƙudan zuma ya ɗauko daga wannan fure ya kai wancan. Kuka da ɗorawa da dare suke harkarsu, jemage ne babban mai yi musu jigila. Gyaɗa ce ba ta roƙon kowa: furenta yana yi wa kansa barbara, sannan ya tura tsinke cikin ƙasa ya haihu a can.

A nan ne zuciyata take ɓaci da abin da nake gani a fadamu yanzu. Yaro ya goya abin feshi da rana tsaka, kankana tana tsakiyar fure, ƙudan zuma na ta shawagi, ya bi su da magani. Mako biyu sai ya zo yana cewa gunda tana zubewa, wai an yi masa baki. Ya ɗana, in feshin ya zama dole, ka bari sai yamma lis, lokacin da furen ya rufe, zuma ta koma amya. Kuma ka daina ƙona amya don cin zumar dare ɗaya.

Mai son kafa lambun dabino kuwa, ga shawarata. Kada ka dogara ga ƙwallo, ko da na Ajwa ne ka tsotse ka adana, domin ɗan ƙwallo ba ya gadon uwarsa sak. Nemi 'ya'yan da suke tsirowa a gindin macen da ka ɗanɗana ka yaba, waɗanda suka shekara uku zuwa biyar suka yi saiwa, a cire su da kaifin ƙarfe a dasa. Su ne suke fitowa irin uwar, jinsi da zaƙi. Namijin ma haka za ka zaɓe shi, daga gindin wanda aka san garinsa yana kamawa. In ya riga matan fure, ka shanya silin a inuwa har su bushe sarai, ka zuba a kwalba mai murfi, ka ajiye a wuri mai sanyi inda laima ba ta kai. Zai jira matan, har kaka mai zuwa ma yana iya aiki. Sannan ka samu yaro ɗaya a gidanka ka koya masa hawa tun ƙafarka tana iya taka itacen, ka nuna masa yadda ake yanke ƙaya kafin a kai hannu.