Gahawar Dare a Aljirif

"Ku matso da kujerunku, wannan magana ba ta ƙofar masallaci ba ce," in ji Kawu, yana gyara zama a kan gadon angarib. "Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya hana kowa a gidanmu sauraren A'isha Fallatiya. Amma in dare ya raba, daga ɗakinsa ake jiyo muryarta ƙasa-ƙasa."

Duk muka kwashe da dariya. Mu biyar ne a tsakar gidan Gwaggo a unguwar Aljirif ta Yamma, a Hartum. An ɗauke wuta, sai jan garwashin da take soya gahawa a kai, da ƙaurin hayaƙin masu toya bulo a bakin Shuɗin Nilu.

"Yaya, ka ji tsoron Allah, ka tona wa tsoho asiri bayan ransa," in ji Gwaggo.

"Ai ba shi kaɗai ba ne," in ji Malam. "Ita kanta mahaifinta malami ne mai tsangaya a Umdurman. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar aikin hajji, zama ya kama su, aka haife ta a Kasala. A gaban mahaifin ta yi karatun allo, can ta koyi fitar da harafi da jan numfashi. Da ta fara waƙa a gidajen biki sai ya yi mata aure don ta bari. Auren ya mutu, waƙar ba ta mutu ba."

Injiniya, wanda muka laƙaba wa sunan saboda gyaran waya, ya ɗago kai. "Malam, da gaske ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Sudan?"

"Ita ce. An buɗe Rediyon Umdurman a 1940, a wani ɗan ɗaki a gidan waya, don ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu. Masu akwatin rediyo ba su da yawa, sai a taru a fili ana ji ta lasifika. A 1942 A'isha ta shiga ta rera, 'yar'uwarta Jidawiyya tana kaɗa mata ud. Wasu mawaƙa maza suka yi fushi, wai an haɗa su da mace. Kafin nan ma ta je Alƙahira an ɗauki muryarta a faifai, kuma ta bi sojojin Sudan fagen daga tana yi musu waƙa. Ta bar waƙoƙi fiye da 150, ta rasu a 1974."

Na ce musu a Kano ma tsofaffi ba su manta da ita ba, don ta yi waƙar maraba da Sardauna da Hausa tsantsa. Kakata kuwa in aka sa Sayyid Khalifa a rediyo sai ta ajiye tsintsiya, alhali ba ta jin Larabci ko na sayen gishiri.

"Akwai dalili, ɗan Kano," in ji Malam. "Kiɗan Masar da na Sham a kan matakan sauti bakwai ake gina shi, har da 'yan gutsattsarin sauti a tsakani. Na Sudan a kan biyar yake tafiya, kamar na Habasha da yawancin kiɗan ƙasashenmu na yamma. Shi ya sa Bahaushe ke jin mawaƙin Umdurman kamar ɗan unguwarsu, ko bai san abin da yake faɗa ba."

Gwaggo ta daka gahawar da citta, ta juye a jabana, ta jera ƙananan kofuna. Kawu ya kurɓa, ya ce ai ba waƙa kaɗai ta bi hanyar da ke tsakanin Sudan da ƙasar Hausa ba. "Kai ɗan Kano, jirgin sama na farko da ya sauka garinku, ta ina ya biyo?"

Na ce ta Ikko mana.

"Ka faɗi! Ta nan Hartum. Jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka yada zango a nan, suka yanki yamma, suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925. A wannan shekarar kuma aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka fara babban shirin noman auduga a Jazira. To ku duba: Bature yana ratsa hanyar ta sama cikin 'yan kwanaki, kakanninmu suna ratsa ta a ƙasa da jaki da ƙafa, wani shekara biyar, wani goma. A tsaya a tsinci auduga a tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin, kafin kuɗi su taru an haifi 'ya'ya uku."

"Wasu kuma ba hajji kaɗai ya fito da su ba," in ji Malam. "Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas. Garin da suka kafa kusa da Sinnar har gobe sunansa yake amsawa. Sannan hanyar ba gabas kaɗai take kallo ba. Da aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, daga Sudan aka ɗauko malamanta. Shehu Abubakar Gumi kuma a Bahtar Ruda ya ƙaro ilmin koyarwa."

Injiniya ya ce shi dai abin da ya sani, duk saurayin Hartum da ya karɓi albashi wurin mai agashe yake fara tsayawa, kuma da wuya ka ga mai agashen da ba namu ba. Tsire ne da garin ƙuli-ƙuli, sai albasa da lemun tsami. Ga godo-godon gero da nono da matanmu ke sayarwa a kasuwa.

"Ciki ya san dangi," in ji Kawu. Ya miƙa kofi a ƙara masa. "Bari in ba ku wata. Ina yaron mota a 1973 gwamnatin Numairi ta ce a bar tuƙi ta hagu a koma dama. Nijeriya ta riga mu da shekara ɗaya, a watan Afrilu na 1972. Direbobi suka saba cikin mako guda. Jakunan masu amalanke ne suka ƙi, don ba su saurari sanarwar ba."

"Ai gara wannan da ta agogo," in ji Gwaggo. "A watan Janairu na 2000 aka wayi gari an tura agogon ƙasa gaba da awa ɗaya, wai don mutane su riƙa sammakon aiki. Muka dinga tura yara makaranta cikin duhu. In aka gayyace ki biki sai kin tambaya, agogon gwamnati ko na da? Sai a Nuwamban 2017 aka maido mana da awarmu."

"Ba a biya mu kuɗin ajiya ba kuwa," in ji Injiniya.

Dariya ta lafa. Gwaggo ta tura garwashi da maɗauki, ta rage murya. "Tunda yau daren tonon asiri ne, ni ma ga nawa, kuma a nan zai tsaya. Ina 'yar makaranta, in mahaifiyata ta zo bakin ƙofa ta kira ni da Hausa, sai in yi kamar ban ji ba. Ina tsoron yara su ce Bafallatiya. Yau jikokina in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, kuma ba ni da bakin yi musu faɗa."

Babu wanda ya tanka na ɗan lokaci. Kowa a wurin ya san gidan da aka yi haka, wani ma gidansu ne.

"Gwaggo, ba ke kaɗai ba ce," in ji Malam a hankali. "Amma dubi A'isha. Sunan da ake yi wa mutane gori da shi, shi ta sa aka buga a jikin faifai, mai gorin ya cire kuɗinsa ya saya. Wanda iyayensa suka tsinci audugar Jazira, suka yi dako a Bur Sudan, suka koyar da allo a Umdurman, ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Abin da ke damuna daban ne. Mun bar wa wasu ajiyar tarihinmu."

Injiniya ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce tun ranar da yaƙi ya ɓarke, 15 ga Afrilu 2023, hankalinsa yake kan ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda taskar faya-fayai take, wadda ake lissafa ta cikin manya a Afirka. Dakarun RSF suka mamaye ginin tun farkon yaƙin, sai a watan Maris na 2024 soja suka karɓe shi. Kusan shekara guda ana ɓarin wuta a kan muryoyin mutanen da suka daɗe a kabari. "Waƙoƙin A'isha da nake da su a wayar nan, wasu bayin Allah ne suka kwafa daga tsofaffin kaset suka ɗora a YouTube. Ba hukuma ba. Kuma ita ta yi sa'a, ta shiga rediyo. Waƙoƙin niƙa da na daka da na reno da iyayenmu suka taho da su daga Katsina da Haɗeja fa? Suna cikin kan Gwaggo da sa'o'inta, babu kwafi na biyu."

"To me kake jira?" in ji Kawu. "Wayar da ta iya biyan kuɗin shayi ta manhajar Bankak lokacin da takardar kuɗi ta ɓace a gari, ta kasa ɗaukar muryar tsohuwa?"

"Wa kake kira tsohuwa, Yaya? Da shekara nawa ka girme ni?"

Aka tsayar da ranar Juma'a bayan la'asar. Malam zai zo da littafi ya rubuta baitocin da boko da ajami, ni zan tura wa 'yan'uwa a Kano su gwada da abin da ya rage a bakin tsofaffin can, Injiniya zai ajiye kwafi a waya uku. Kawu ya ce shi zai ba da labarin hanya, zango-zango, daga Maiduguri zuwa Junaina da Fashir da Ubayyid, yadda ya ji daga bakin mahaifinsa.

Gwaggo ta gindaya sharaɗi biyu. Na farko, jikokinta su zauna a gaba, su riƙa yi mata amshi ko da gwaranci ne. Na biyu, kada ta ji muryarta a Facebook.

"In kuwa na ji," ta nuna Injiniya da maɗaukin garwashi, "gahawarka ta ƙare a gidan nan, kuma sai na faɗa wa uwarka ko wayar wace yarinya kake gyarawa kyauta."