Tsakanin "Kada" Da "Ba Dole Ba"

Akwai waɗansu 'yan kalmomi tara cikin Turanci waɗanda ko wane ɗan makaranta ya ke iya jero su da ka, watau can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Malamanmu sun gaya mana ba a liƙa musu "s" ko da mutum ɗaya a ke nufi, ba a kuma sa "to" tsakaninsu da aikin da ke biye. Wannan duka na haddace tun da wuri, har ina ganin na gama da su. Ashe jerin kawai na riƙe, ban san nauyin ko wacce ba. Ban kuwa farga ba sai da na kusa jawo wa wani gida makoki.

Cikin watan Satumba ne na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a ƙasar Batsari da Safana da waɗansu makwabtansu saboda ɓarayin dajin Rugu. Ina gida a ƙauyenmu kusa da Batsari, na gama sakandare ke nan, ni ne mai karanta wa unguwa takarda. Wani dattijo maƙwabcinmu ya komo daga asibiti a Katsina da ƙaramin ɗansa, wanda ya yi zazzaɓi mai tsanani. Ya miƙo mini wata 'yar takarda, ya ce, "Ɗana, duba mini abin da likita ya rubuta." Ga abin da ke ciki: "He need not come back on Monday." Na ga "not", na ga "come back", ban tsaya wani tunani ba, na ce, "Baba, sun ce kada ka mayar da shi." Ya yi hamdala, domin a kwanakin nan ba mai son hawa hanya in ba ta kama ba.

Bayan kwana biyar jikin yaro ya sake yin zafi. Uwar ta ce a koma. Uban ya ce likita ya hana, ga shi ɗan boko ya karanta da bakinsa. Ga kuma waya babu, balle a tambaya. Kwana biyu ana ɗura masa jiƙo, yana ta ƙara laushi. Sai Allah ya kawo wani tsohon malamin firamare dubiya. Ya karɓi takarda, ya duba, ya ce, "Wa ya karanta muku wannan?" Kashegari da sassafe aka tafi da yaro, aka kuwa yi sa'a ya tashi.

Malamin nan bai kunyata ni gaban jama'a ba. Ya kira ni zaurensa, ya ce, "Yaro, ka karanta Ahalari?" Na ce, "Na karanta, Malam, har Ishmawi." Ya ce, "Hukunce-hukuncen shari'a nawa ne?" Na ce biyar: wajibi, da mustahabbi, da halal, da makaruhi, da haramun. Ya ce, "To, ai ka san abin, ba ka dai gane shi ba ne cikin rigar Turawa. Must wajibi, should mustahabbi, may halal, should not makaruhi, must not haramun. Need not fa, ina za ka sa shi?" Na yi shiru. Ya ce, "Matafiyi cikin watan azumi, an hana shi azumi ne?" Na ce a'a, an dai ɗauke masa dole, in ya ga dama ya yi. Ya ce, "Shi ke nan need not. Likita ya ɗauke muku wahalar hanya ne, kai kuwa ka mai da rangwame ya zama hani."

Tun daga ran nan na ke auna kalmomin nan da ma'aunin zaure, kuma yana yi mini amfani ƙwarai. Amma fa kada 'yan'uwana su ɗauka ma'aunin ya cika, domin kusan ko wace kalma cikinsu fuska biyu gare ta. Fuska ɗaya ta hukunci, ɗaya ta zato. In Bature ya ce "It may rain", ba izini ya ba hadari ba, cewa ya ke yi watakila a yi ruwa. In ya ce "He must be tired", bai wajabta wa kowa gajiya ba, nufinsa lalle mutumin ya gaji. Mu mutanen gefen daji mun san bambancin nan da jikinmu: in aka ce "They may come tonight", ba wanda zai zaci izini aka ba su.

Harshenmu ma ba a bar shi baya ba wajen wannan. "Kana iya tafiya" tana ɗaukar ƙarfin ƙafa, tana kuma ɗaukar sallama, daidai da can. "Zan zo" alkawari ne. "Na zo", in an ja ta aka karya murya, mai ita ya bar wa kansa ƙofa, ko da ya ke a rubuce ba a raba ta da "na zo" ta jiya, wanda a ganina gyara ne da ya kamata masu tsara rubutun Hausa su duba.

Bana da aka tura ni gwajin koyarwa a Safana, na zana wa 'yan ajina matakala mai hawa biyar a allo, must a bisa, must not a ƙasa. Suka kama nan da nan, domin duk sun bi ta makarantar allo. Har na fara jin kaina. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu daga baya, ta ce, "Malam, in na ce 'May I go out?' ka ce 'You may not', ka hana ni. In kuwa ka ce 'It may not rain', ba ka hana komi ba. To, may not a wane hawa ya ke?"

Na dubi allo, na ga babu inda zan sa shi wuri ɗaya. Na ce mata ta yi gaskiya, na ɗauki alli na zana matakala ta biyu kusa da ta farko, na rubuta "zato" a kanta. Muna cikin gardamar ko might ya fi may rauni aka kaɗa ƙararrawa.