Rawar da Aka Sassaƙa a Dutse

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san mutanen nan da rawa. Amma sai da na isa Chidambaram, a jihar Tamil Nadu, fiye da kilomita 200 kudu da Chennai, na ga yadda abin ya daɗe. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Annamalai ne ya matsa mini. "Kawu," in ji shi, "kada ka koma Gwadangaji ba ka ga ƙofar gabas ba."

Ƙofar ta wani babban wurin bautar 'yan Hindu ce, hasumiya mai hawa bakwai, ginin wajen ƙarni na 12 zuwa na 13. Ni dai ba bauta ta kai ni ba, aikin masassaƙa na je gani. A zauren da ake ratsawa, an yanka bangon dutsen gida-gida, hagu da dama, kowane gida da mace tana rawa, makaɗanta a gefe. Salo 108 ne, babu wanda ya maimaita wani. Wata ta ɗaga ƙafa har babban yatsa ya taɓa goshi. Wata ta dafa ƙasa da hannu biyu, ƙafafu a sama. Na jima a gaban wannan ta biyun ina lissafin yadda ƙugu zai yarda.

Ba ado kawai ba ne. Salon nan 108 an jera su a wani tsohon littafin Sanskrit, Natya Shastra, wanda ake dangantawa da wani mai suna Bharata, kuma an rubuta bayanin salon a jikin dutsen kusa da surarsa. Ashe bangon makaranta ce. A ƙarni na 20, Padma Subrahmanyam, wata gwanar rawa, ta bi irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe tana gwada su da littafin, har ta mayar da su cikin jikin masu rawa.

Nan ne kishi ya ɗan taɓa ni. A Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu akwai ganguna da makamai da kayan sarauta na Kabi, amma ganga ba ta nuna taku. Mu ba mu gaji sassaƙa surar mutum ba, kuma muna da hujjarmu ta addini. Sai rawarmu ta zauna a ƙafar mai yin ta: ta 'yan tauri, ta 'yan dambe in kiɗa ya tsuma su, ta masunta ranar su a Matan Fada. Idan tsoho ya rasu bai koyar ba, salon ya bi shi kushewa.

A gidan tarihin gwamnati na Chennai kuwa, a unguwar Egmore, na ga gumakan tagulla na zamanin sarakunan Chola, waɗanda aka zuba ta hanyar narkar da kakin zuma, yadda maƙeran Ife da Binin suke yi. Mafi shahara shi ne gunki mai rawa da ake kira Nataraja: hannu huɗu, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya ta take wani ɗan wada da suke cewa jahilci ne, ga harsunan wuta kewaye da shi. A hannunsa na dama na sama akwai 'yar ganga mai tsukakken ƙugu, sak kalangu. Sai dai tasu ba a rataya ta a hammata, ba a kuma kaɗa ta da makaɗi. Igiyoyi ne masu ƙulli a jikinta, in an murɗa hannu su riƙa dukan fatun biyu.