Godiya Ga Yayana A Sana'a

Yaya, na daɗe da bashin godiyar nan a wuyana, yau dai zan sauke shi.

Ranar da na zo ɗakin aikinka, zuciyata ta riga ta tafi kan Octatrack, na'urar kamfanin Elektron na ƙasar Suwidin da ta fito a 2011. Na sha ganin yadda masu kiɗan gwaji na Turai ke murɗa sauti a layukanta takwas, na shafe watanni ina tara kuɗinta. Ba ka kushe mini ita ba. Taka ka ɗauko ka miƙo mini, ka ce in riƙe mako biyu sannan in kawo maka labari. Ba kowa ke ba da aron kayan cin abincinsa ba, kai kuwa ko gargaɗi ba ka haɗa ni da shi ba.

Mako biyun nan sun isa. Na'ura ce mai zurfi, har gobe ina girmama ta, amma tana son yatsu da hankalin mutum gaba ɗaya, ni kuwa hannuwana biyu suna kan gurmi. Ga shi ba ta aiki da batir. Sau uku ana ɗauke wuta ina tsakiyar ɗora sauti kan sauti, duk abin da ban adana ba ya bi iska.

Da na dawo jiki a sanyaye, tambaya ɗaya ka yi mini: me nake so in yi da sautin bayan na kama shi? In maimaitawa ce kawai, ka ce Boss RC-505 mai layi biyar ta ishe ni. Na ce a'a, so nake in daddatsa shi, in jirkita shi, in mayar da luguden matan gidanmu ya zama gindin kiɗa. Sai ka yi murmushi, ka ce Roland SP-404MKII nake nema.

Gaskiyarka. Batir 6 ƙanana take ci, janareta ya tashi ko ya ƙi, ita ba ta tsayawa. Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne kunnenta a buɗe yake kullum: tana riƙe daƙiƙa 25 na ƙarshen abin da ya ratsa ta. Idan gurmi ya faɗi wata magana mai daɗi ba shiri, sai in ƙarasa, in miƙa hannu in ɗebo ta, in zuba a ɗaya daga maɓallanta 16. Ba ka ɓoye mini rauninta ba kuma. Ka ce mai maimaita sautin da aka ƙara mata a 2024 zagaye ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, dole in saba da kwashe shi zuwa maɓalli kafin in fara wani. Na saba.

Bayan na saye ta, ragowar kuɗin na sayi makirifo mai kyau da shi, kamar yadda ka ba ni shawara. Daren Asabar da ta wuce na yi wasa na minti 40 da gurmi, da ƙarar taɓarya, da muryar mai tallan fura da na kama a bakin layinmu. An ɗauke wuta sau ɗaya, lasifika ta yi shiru, amma da aka tayar da janareta kiɗan na nan yana zagayawa a cikin na'urar.

Allah ya saka maka da alheri, Yaya, ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. Wasa na gaba kujerar gaba taka ce, don Allah ka zo.