Irin Albasar Baba

A ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta, idan aka gama kai amfanin gona rumbu, hunturu ya sauko, kowa lambu yake nufa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sayen irin albasa a kasuwa ba. Jar albasarsa ta gado ce. Duk shekara sai ya ware manyan kawuna masu siririn wuya ya adana, sanyi na shigowa ya mayar da su ƙasa, su fid da farin fure kamar tuntun hula, ya girbe baƙin irin ya ƙulle.

To, a 1994 na dawo daga Nijar da kawunan albasar Galmi, wadda ta yi suna wajen jure ajiya. Na karanta cewa Turawa kan shuka dangin albasar kwaɗi a tukwane lokacin sanyi, suna aurar da fure da fure don su sami sabon launi. Na ce ni ma bari in aurar da ta Galmi da ta Baba. Ban nemi izini ba, na dasa ta a komi ɗaya jikin nasa.

Da ya gani sai ya ce, "Kai yaro, wa zai hana ƙuda tsallaka kunya?"

Na ce, "Baba, ai zan rufe da gidan sauro."

Na rufe ɗin, amma iskar hunturu ba ta bar shi ya kwana uku ba. Ƙudaje da zuma suka yi ta kai da kawowa. Ga shi kuma wajenmu lambu jikin lambu yake, har furen maƙwabta sai da suka samu rabonsu.

Albasa ba ta tona asiri da wuri. Sai da aka yafa irin, aka dasa, aka tone a bazarar 1996, sannan muka ga aikina: wata ja, wata shunayya, wata ta rabu biyu. Dillali ya juya buhu ya rage kuɗi. Baba bai ce mini uffan ba, wanda ya fi mini duka ciwo.

Inna ce ta fito da wani tsohon ƙulli daga ƙasan tukunya. Irin albasa kuwa ba ya son kwana biyu, shekara guda ma sai ya fara mutuwa. Muka yafa komi guda cur, abin da ya tsiro bai fi cikin tafin hannu ba. Baba ya kewaye shi da ƙaya, ya ce ni zan riƙa ba shi ruwa safe da yamma.