Takardar da Yayata Ta Jira

Ina aji ɗaya a sakandare lokacin da yayata ta zana jarrabawar fita. Shekara ta zagayo, sakamako bai fito ba, wai bashin kuɗin jarrabawa ne ya taru. Duk wanda ya dawo Adabka daga Gusau sai Baba ya tambaye shi ko akwai labari. Har aka ɗaura mata aure ba ta ga takardarta ba.

A Nuwamban 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Zamfara. Aka shiga gyaran makarantu, aka biya WAEC da NECO bashin da suke bi, suka saki sakamakon da aka riƙe. Ni na dubo wa Yaya nata: ta ci darussa bakwai. Ta yi dariya, sai kuma hawaye, ga goyo a bayanta.

Yau ina jami'a, ita kuma tana neman gurbi a Kwalejin Ilimi ta Maru. Ƙannena, ku da kuke aji yanzu, ku dage da karatu. Yaya ta yi nata karatun tun ba ta da tabbacin ganin sakamako.