Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Yau labarin kaina zan ba ku, ko wata ta ƙaru.

Ni haifaffiyar Batsari ce, aure ya kai ni Safana. Sakandare kawai na gama, amma Allah Ya ɗora mini son kwamfuta. Da wayar hannu na fara koyon Python, ɗaya daga yarukan da ake ba kwamfuta umarni da su, wanda wani Bature ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. To amma tsakani da Allah ba koyo nake ba, kwafa nake. In na ga wani ya rubuta abu a intanet sai in kwaso in liƙa, in ya yi aiki in ce na iya.

Ni ce uwar adashen unguwarmu, mu 12. Don in burge mata, na kwafo wani shiri mai faɗar wadda za ta yi kwasa, na watsar da littafina. Mako na 7 na buga lamba 7, suna ya fito, na miƙa kuɗi. Da magariba sai ga Inna maƙwabciyata.

"'Yar nan, ina kuɗina? Kin san na kayan ɗakin autata ne."

Ashe ta takwas na ba, ita ko har ta zuba su a sari. Akuyata na sayar na biya Inna. Wallahi kunyar ta fi asarar ciwo.

A watan Satumba na 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Ba inda zan kwafo komai. Abin da ya rage mini darussan da na ajiye a waya, da manhajar Pydroid mai aiki ko ba intanet. Kullum bayan isha'i, in yara sun yi barci, sai in ɗauki layi ɗaya, in canza shi, in ga abin da zai lalace, in tambayi kaina dalili.

A nan na gano sirrin. Python daga 0 yake fara ƙirga abin da ke cikin jeri. Ta farko ita ce 0, lamba 7 kuwa ta takwas ce. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, ni ce ban ji yarenta ba. Na sake rubuta shirin da hannuna, na gwada shi da sunayen nan 12 ɗaya bayan ɗaya.

'Yar'uwa, ko ɗinki kike koyo ko kwamfuta, kar ki wuce abu sai kin san dalilinsa, balle in amanar mutane na ciki. Inna dai ta dawo zubi, amma har yau sai ta ce in duba littafi tukuna. Ni ma ba na musu.

Allah Ya sa mu dace, amin.